Akwatin da Yaya Saje ya bar mini

Ranar da aka yi addu'ar arba'in ta Yayanmu, bayan baƙi sun watse an naɗe tabarmi, matarsa da ke cikin takaba ta aiko autarsu ta kira ni. Na tsaya daga bakin ƙofa na yi sallama, ita kuma ta miƙo mini wani ɗan makulli ɗaure da tsohon zare, ta ce, "Yayanka ya bar wasiyya, ya ce idan ta Allah ta kasance kai za ka buɗe akwatin nan." Na san akwatin tun ina yaro. Baƙin akwatin ƙarfe ne irin na soja, an rubuta lambar aikinsa da farin fenti a jikin murfin, kuma duk barikin da aka kai shi da akwatin yake tafiya, har ya dawo da shi gida ya tura ƙarƙashin gado. A tsawon shekarun nan ban taɓa ganin cikinsa ba, ban kuma taɓa tambaya ba, domin a gidanmu ƙane ba ya bincikar kayan yayansa.

Kafin in faɗi abin da na tarar a ciki, ya kamata in faɗi ko wane ne mai akwatin, gwargwadon yadda na san shi.

Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Saboda alkunyar ɗan fari, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba har ta koma ga Allah; idan za ta yi maganarsa sai ta ce "yaron nan", ko da kuwa furfura ta riga ta fito masa. Mun tashi a wani ƙauye kusa da Funtuwa, inda Baba yake noman auduga da dawa, yana kuma da shanun huɗa guda biyu. Farin da aka yi a 1983 da 1984 ya karya mu, annobar shanu ta waɗannan shekarun ta kashe mana dabbobin, sannan Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Yaya yana da shekara ashirin ya wayi gari da uwa da ƙanne biyar a wuyansa, ga rumbu babu komai. Iliminsa na allo ne da na firamare, sai ƙarfin jiki da Allah Ya hore masa.

Da ya ce zai shiga soja a 1985, kawunmu ya ƙi amincewa. A wancan lokacin mutanen ƙauyenmu suna yi wa aikin soja kallon hanyar lalacewa, domin kalmar "ɗan bariki" ba yabo ba ce a bakinsu, kuma suna ganin duk wanda ya sa kaki zai bar salla ya kama shaye-shaye. Yaya ya durƙusa gaban Kawu ya ce, "Kawu, ku yi mini addu'a kawai, in Allah Ya yarda ba zan ba ku kunya ba." Haka ya tafi Zariya, makarantar horar da kurata da ke can tun 1924, wadda kusan duk ƙaramin sojan ƙasa na Nijeriya ya bi ta cikinta. Bayan wajen wata shida ya dawo da aski ƙwal, ya rame ya yi baƙi, amma tafiyarsa ta miƙe kamar sanda. Abin da na fi tunawa daga wannan dawowar shi ne yadda ya zauna a zaure da asuba yana goge takalminsa da ɗan ƙyalle da ruwa kaɗan, yana zagayawa a hankali har sai da na ga fuskata a jikin fatar. Ya ɗago ya ce mini, "Kai boko za ka yi. Kakin nan na isar mana mu duka."

Ya cika wannan magana. Daga albashinsa na farabiti, a shekarun da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya sa kuɗi suka rasa daraja, ya biya mini kuɗin makarantar sakandare, ya sai mini littattafai, ya aurar da 'yan'uwanmu mata biyu. Duk ƙarshen wata saƙo yana zuwa ta hannun wani direban motar haya da ya amince da shi, an naɗe kuɗin cikin takarda an rubuta abin da za a yi da kowane kashi. Yau ni malamin makaranta ne, kuma duk lokacin da na tsaya gaban allo na san da gumin wa na tsaya.

A jajibirin Kirsimetin 1989 Charles Taylor ya tsallaka daga Kwaddebuwa ya shiga Laberiya da mayaƙansa domin kifar da Shugaba Samuel Doe. Cikin 'yan watanni yaƙin ya rikiɗe ya zama kisan ƙabilanci, ya kuma iso har babban birnin ƙasar, Monrobiya. A watan Agustan 1990 shugabannin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, suka taru a Banjul, babban birnin Gambiya, suka yanke shawarar tura rundunar kiyaye zaman lafiya da aka sa wa suna ECOMOG, wadda ta ƙunshi sojojin Nijeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya. Bataliyarsu Yaya tana cikin waɗanda aka ɗiba. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi madatsar ruwan garinmu girma ba, sai ga shi cikin jirgin ruwa a tsakiyar teku. Sun sauka tashar jiragen ruwa ta Monrobiya ranar 24 ga Agusta, kuma ruwan harsashi ne ya tarbe su, domin Taylor bai yarda da zuwansu ba. Ranar 9 ga Satumba mayaƙan wani madugun 'yan tawaye mai suna Prince Johnson suka kama Doe a harabar hedikwatar rundunar suka tafi da shi suka kashe shi. Bayan wannan abin kunya ne aka karɓe jagorancin fagen daga daga hannun Janar Arnold Quainoo na Gana aka damƙa wa Manjo Janar Joshua Dogonyaro na Nijeriya, wanda ya tura sojoji suka kori mayaƙan Taylor daga cikin birnin.

Duk waɗannan bayanan daga baya na san su, daga karatu. A lokacin abin da muke da shi shi ne rediyo. Inna, wadda a da ba ruwanta da labaran duniya, ta koma tana shimfiɗa tabarma kusa da ni duk dare idan na kama sashen Hausa na BBC, tana tsinkar zogale ko tana kaɗi, kamar ba saurare take yi ba. Da zarar an ambaci Laberiya sai hannunta ya tsaya cak. Idan an gama sai ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, "Me suka ce game da garin nan da mutanen suka je?" Ba ta taɓa cewa "ɗana" ba. Amma ni da nake kwana a ɗakin da ke jikin nata, na san ƙarfe nawa take tashi ta yi alwala, na kuma san tsawon sujadarta.

Wajen wata bakwai ba mu ji ɗuriyarsa ba, sai wani soja da ya zo hutun jinya ya kawo mana kaset. Da yake Inna ba ta karatu, Yaya ya ɗauki muryarsa ne a maimakon wasiƙa. Muka aro rikoda a maƙwabta, gidan ya cika da mata. Ya gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya har da tsohuwar da ke sayar da daddawa a bayan gidanmu, ya ce suna lafiya, abinci shinkafa ce safe da yamma, mutanen can kuma da ganyen rogo suke miya, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ya ce akwai Musulmi 'yan ƙabilar Mandingo da suke salla tare. Bai ce uffan game da yaƙi ba. Sai da na girma na gane cewa waɗannan Mandingon gudun tsira suka yi zuwa inda sojoji suke, domin suna cikin ƙabilun da mayaƙan Taylor suke farauta. Inna ta sa aka maimaita kaset ɗin sau uku, sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa.

Ya dawo a farkon 1992 da igiya biyu a hannun riga, ya zama kofur. Jikinsa lafiya lau, in ban da wani tabo a ƙaurinsa na hagu, amma mun lura da sauye-sauyen da babu wanda ya iya furtawa. Ba ya zama ya juya wa ƙofa baya. Barcinsa ya zama kamar na zomo. A wata ƙaramar salla yaran unguwa suka fasa abin wasan nan mai ƙara a bayan katanga, kafin mu ankara Yaya ya kife ƙasa ya janyo ƙanwarmu ya danne kanta da hannunsa. Da ya gane abin da ya faru sai ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya fita, bai dawo ba sai bayan isha'i. Babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya sake tayar da zancen. A wancan zamanin ba mu san cewa wannan ciwo ne mai suna da magani ba. Mu dai mun ce "yaƙi ne ya taɓa shi", muka bi shi da addu'a da rubutun sha. Har yau ina jin ciwon cewa mutanen da aka tura suka ga abin da suka gani an dawo da su gida ba tare da wani ya zauna ya saurare su ba.

Tafiyarsa ta biyu Saliyo ce. A watan Mayun 1997 sojoji ƙarƙashin Johnny Paul Koroma suka hamɓarar da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah, suka haɗa kai da 'yan tawayen RUF na Foday Sankoh. Rundunar ECOMOG ta fatattake su daga babban birnin ƙasar, Firitawun, a Fabrairun 1998, Kabbah ya koma kujerarsa a watan Maris. Yaya ya isa can a wannan shekarar yana saje mai igiya uku, kuma yana cikin birnin ranar 6 ga Janairun 1999, cikin watan azumi, lokacin da 'yan tawaye suka kutsa suka yi makonni suna ƙone-ƙone da kashe-kashe. Duniya ta san yaƙin Saliyo da wani mugun abu guda, wato datse hannuwan fararen hula, manya da yara.

Sau ɗaya tak ya taɓa yi mini maganar wannan, shi ma ba tambayarsa na yi ba. Ranar sunan ɗana na fari aka kawo masa jaririn ya yi masa addu'a. Ya karɓe shi, sai ya zare hannuwan yaron daga cikin zani, ya riƙe su cikin tafinsa yana kallon 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, har shirun ya yi tsawo. Da dare muna zaune mu biyu a zaure ya ce mini, "Akwai wata yarinya da na ɗauka a kafaɗa daga bakin wata gada zuwa inda likitocinmu suke. Ba ta fi shekara shida ba. Ba ta yi kuka ba, ruwa kawai take roƙo, kuma ba ta da hannun da za ta riƙe kofin." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ina azumi ranar. Ban san lokacin da rana ta faɗi ba." Daga nan ya tashi ya ce sai da safe. Na yi shekaru ina da-na-sanin rashin bin sa in ce ya ƙara faɗa mini, amma a lokacin na ga kamar ladabi shi ne in bar shi da abinsa.

Ba zan ɓoye ba, an zargi wasu sojojin ECOMOG da kwasar ganima a Laberiya, an kuma zarge su da kashe mutanen da ake tuhuma ba tare da shari'a ba a kwanakin yaƙin Firitawun. Na taɓa karanta masa irin wannan rahoto daga jarida, ina ɗari-ɗari. Bai musanta ba, bai kuma fusata ba. Ya ce, "An yi. Wanda ya yi, shi da Allahnsa. Amma ka tambayi mutanen garin wa suke gudu wajensa idan dare ya yi." Ni a nawa ganin duka biyun gaskiya ne, kuma ba daidai ba ne a bar laifin wasu ya binne sadaukarwar dubban talakawan sojoji da suka tsaya tsakanin masu adda da mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Abin da zan iya shaida a kai shi ne, Yaya ya je ƙasashe biyu ya dawo da akwatin da ya tafi da shi, ko rediyo bai ƙaru da ita ba.

Ya yi ritaya a 2010 bayan shekara 25 yana aiki, ya dawo Funtuwa ya gina ɗakuna uku, ya koma gona. Sunan Saje ya bi shi har ya shafe sunansa na yanka a unguwa. Shi ne mai tada mutane sallar asuba, shi ne mai raba faɗan matasa, kuma da matsalar tsaro ta tsananta a yankinmu shi ya tsara wa 'yan sintirin unguwa yadda za su riƙa karɓa-karɓa, tare da gargaɗin da yake maimaita musu kullum, cewa duk wanda suka kama hukuma za su miƙa wa, kada wanda ya ɗaga masa hannu. Wahalar fansho kuwa ya sha ta. Na taɓa raka shi tantancewa, na ga tsofaffi masu sanduna da masu ido ɗaya a layi tun asuba har la'asar, kowa rungume da fayil, wasu sun kwana a kan kwali. Na fusata na fara ɗaga murya, ya kama hannuna ya ce, "Malam, a layi ake tsayawa." Malam yake kirana tun ranar da na fara koyarwa, ni ƙanensa da ya goya.

Kowace ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, wadda ta dace da ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasar Nijeriya a 1970, yakan goge takalminsa kamar yadda na gani ina yaro, ya maƙala lambobinsa, ya tafi wajen taron tsofaffin sojoji. Ban da wannan, sau ɗaya ko sau biyu a shekara, galibi bayan an gama girbi, yakan ɗaure buhun masara ko na wake a bayan mota ya ce zai je "ganin mutane". Yakan yi kwana uku ko huɗu. Mun ɗauka zumuncin abokan aiki ne, har matarsa takan yi ƙorafi a kan hatsin da ake fita da shi alhali gidan ma ba wadata ce ta yi masa yawa ba.

Ciwon hawan jini da na ƙoda ne suka kwantar da shi. Ya yi wata huɗu yana jinya, bai taɓa cewa wayyo ba, sai dai idan ciwon ya tsananta ka ga ya runtse ido yana motsa leɓe. Ya cika da safiyar wata Alhamis, kansa a kan cinyata, bayan ya maimaita kalmar shahada da aka laƙƙana masa. Ni da limamin unguwa muka yi masa wanka, a nan ne na ga cewa tabon ƙaurinsa yana da ɗan'uwa a bayan kafaɗa wanda bai taɓa nuna wa kowa ba. An yi masa salla bayan azahar. A cikin masu rakiya akwai wani dattijo Kirista da ya taso tun daga Langtang cikin dare da ya ji labarin jikin Yaya ya tsananta. Ya tsaya daga gefe har aka gama rufewa, sannan ya matso ya ƙame, ya sara wa kabarin, hawaye na bin fuskarsa. Ya ce mini da Hausarsa ta bariki, "Saje ya ɗauke ni a baya lokacin da ƙafata ta karye. Ba don shi ba, da a can aka bar ni."

Yanzu in koma ga akwatin. A sama akwai kakinsa guda biyu a ninke da guga, da hula, da bel, da lambobin yabo cikin wani gwangwanin madara, da takardar sallamarsa daga aiki. A ƙasansu na tarar da duk wasiƙun da na rubuta masa ina ɗalibi, an ɗaure su da roba bisa jerin shekaru, har da wadda na roƙe shi kuɗin takalmin ƙwallo. Akwai kaset ɗin nan na Laberiya, wanda ashe ya karɓo daga kayan Inna bayan rasuwarta. A can ƙarshe kuma akwai wani ƙaramin littafin rubutu mai bangon shuɗi, gefunansa sun lanƙwashe saboda yawan buɗawa.

Sunaye ne a ciki, guda goma sha tara, an rubuta su da ajami da hannunsa. Kowane suna yana da muƙami a gabansa, da garin mai shi, da wurin da ya faɗi. Akwai na Zuru, akwai na Biu, da Numan, da Gboko, da Kafanchan, da wani ƙauye a bayan Gusau. Fiye da rabinsu sunayen Kiristoci ne, ya bi su da haruffan Larabci yadda kunnensa ya ji su. A ƙarƙashin kowane suna ya rubuta wanda mamacin ya bari, uwa ko mata ko 'ya'ya nawa, sannan jerin shekarun da ya kai musu ziyara da abin da ya kai: masara buhu ɗaya, wake rabin buhu, kuɗin makarantar yarinya. A wani shafi ya rubuta cewa tsohuwar ta tambaye shi ko ɗanta ya sha wuya kafin ya cika, ya ce mata a'a, kuma a ƙasa ya ƙara da cewa, "Allah Ka yafe mini wannan." Waɗannan su ne mutanen da yake zuwa gani bayan girbi. Iyalai ne da yawancinsu ba su ga gawar nasu ba, sai dai saƙo da 'yan kayan da aka kawo musu.

Na zauna a ƙasa da littafin a hannuna har aka kira magariba. Da na karanta wa matarsa, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Da ya faɗa mini, ai da ni zan riƙa auna masa hatsin."

Sunaye goma sha shida suna da alamar ziyara. Uku babu komai a ƙarƙashinsu sai sunan gari, ko dai bai gano iyalan ba, ko kuma ciwo ya riga shi. Na yi magana da dattijon nan na Langtang ta waya, ya ce ya san ɗaya daga cikinsu, kuma yana jin ƙanwar mamacin tana nan da rai a wani gari kusa da Numan. Masarar da Yaya ya shuka a daminar da ya kwanta ciwo, 'ya'yansa sun girbe ta, tana cikin rumbu. Mun yi shawara da babban ɗansa cewa idan an yi hutun makaranta za mu ɗaure buhu ɗaya mu kama hanyar Adamawa, shi ya riƙe littafin, ni in yi tambaya.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da Inna da Baba a gidan Aljanna.